Darasi: Tawadar Kwalba da Injin Buga Takardun Ƙungiya

'Yan'uwa manoma, a zagayen da na yi bayan girbi na tarar ƙungiyoyinmu da dama sun sami injin buga takarda, wanda yara ke kira firinta. Waɗansu da ribar hatsin da suka ajiye suka saya, waɗansu kuwa ɗan gari ne da ke aiki a birni ya kawo gudummawa. Abin murna ne. Dattawanmu suna ba da labarin injin Gestetner da a ke juyawa da hannu a ofishin ikkilisiya, magatakarda ya fito hannuwansa baƙi ƙirin. Yanzu rasit da takardar rance da jerin sunayen mambobi duk suna fita cikin minti ɗaya. Amma kusan ko'ina na sauka kukan ɗaya ne, watau tsadar tawada. Saboda haka magatakarda da yawa sun koma sayen tawadar kwalba ta kasuwa, wadda ba kamfanin injin ya yi ba, suna ɗura wa injin da sirinji. An tambaye ni ko wannan daidai ne. Amsata ita ce, a wani injin dabara ce mai kyau, a wani kuwa asara ce, kuma lalle ne mu san wanne mu ke da shi.

Bari in fara da abin da ya sa na ɗauki zancen da nauyi. A wata ƙungiya, ba zan faɗi sunanta ba, an buga rasit na biyan bashin takin zamani da irin wannan tawada. Wata gwauruwa ta ƙulle nata a gefen zane, ruwan Agusta ya same ta a hanyar gona. Da lokacin lissafi ya yi aka buɗe takardar, sai ga lambar buhunan da ta biya ta narke. Ita tana cewa 8, ma'aji yana ganin 3. Aka ɗauko kwafin ofis, ashe shi ma ya sha danshi a akwati, gama tawada ɗaya ce. Wata biyu a na jayayya, har gidaje biyu suka daina gaisawa, sai da aka nemo wanda ya kai mata hatsin da amalanke ya ba da shaida. Kuɗin da aka rage a tawada bai kai na mudun gero biyar ba.

Yadda injin ke aiki

Irin injin da mu ke magana a kai feshi ya ke yi. A ƙarƙashin abin da ke kai da kawowa a cikinsa akwai wani wuri da a ke kira kai, mai ƙananan kafofi ɗaruruwa, kowace ta fi silin gashi siranta. Ta nan ɗigon tawada ke fita ya faɗa a takarda. Hanyar fitar da ɗigon iri biyu ce. A injunan HP da Canon akwai ɗan ƙarfe a bayan kowace kafa, wuta ta zafafa shi nan take har wajen digiri 300, tawadar ta yi kumfa, kumfan ya ingiza ɗigo waje. HP ta fara sayar da irin wannan tun 1984. A injunan Epson da Brother kuwa ba zafi, wani ɗan abu ne ke lanƙwashewa in wuta ta taɓa shi, ya matse ɗigon ya fita.

Ku riƙe abu ɗaya game da na farkon. Tawadar da ke wucewa ita ce ke sanyaya ɗan ƙarfen nan. In tawada ta ƙare aka ci gaba da bugawa, daidai ya ke da barin tukunya a murhu ba ruwa. Kan zai ƙone, kuma ba ya gyaruwa.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi muhimmanci ga aljihunmu: ina kan ya ke? A ƙananan injunan HP da Canon da suka fi yawa a wurinmu, kan yana manne da ɗan akwatin tawada, watau katirij. Ku ciro shi ku juya, za ku ga wani faranti mai sheƙi a gindinsa. In ka sayi sabon katirij, ka sayi sabon kai ke nan. In ya lalace, asarar ta tsaya a kan katirij ɗin. A injunan Epson kuwa kan yana zaune cikin injin dindindin. In ya toshe ya ƙi buɗewa, kuɗin canza shi ya kan kusa kai kuɗin sabon inji.

Tawadar rini da tawadar gari

Duk wanda ya taɓa ganin marina ya san launi ya kan shiga ruwa ya zama ɗaya da shi. Haka tawadar rini ta ke, kamar galura. Tana da haske, tana yi wa hoto kyau, tana da arha, amma abin da ruwa ya kawo ruwa na iya ɗaukewa, rana kuma tana kashe ta da sauri. Ɗaya irin ta fi kama da tawadar allo, wadda a ke haɗawa da gawayi da ƙaro. Ƙwayoyin gari ne masu laushi ƙwarai suna yawo cikin ruwa ba su narke ba. In ruwan ya bushe sai garin ya kama fuskar takarda ya zauna. Ita ce tawadar gari. Ba ta saurin narkewa, ba ta saurin kodewa. A jikin kwalba ta kirki za ku ga an rubuta Pigment in ta gari ce, ko Dye in ta rini ce.

Baƙar tawadar da ke zuwa cikin katirij na HP mai lamba 123 ta gari ce. Yawancin baƙar tawadar kwalba mai arha kuwa ta rini ce. Shi ya sa magatakarda ya kan ce da fari rubutu yana fita baƙi wuluk, bayan ya ɗura sai ya koma toka-toka. Abin da ya sami rasit ɗin gwauruwar nan ke nan. Kada ku ɗauka duk tawadar kamfani ta gari ce. Baƙar kwalbar Epson mai lamba 103 ta rini ce, mai lamba 101 ce ta gari. Ƙungiyar da ke shirin sayen inji domin rasit da takardun rance, ta tambayi wannan kafin ta biya.

Ba a so a riƙa gauraya iri biyun, ko tawadar masu yi dabam dabam, gama haɗin kowa nasa ne, wani lokaci su kan yi gudaji su toshe kafofi. In kun sami wadda ta karɓi injinku, ku tsaya a kanta. Tawadar hatimi da ta alƙalami da ta allo ba sa shiga inji sam. Akwai kuma wadda masu buga hoto a riga da kofi ke amfani da ita, kwalbarta ta yi kama da tamu, amma a takarda ba ta fita da kyau. A tambayi mai kanti a fili.

Lissafin shafi

A makarantar horon malamai an koya mana kada mu amince da amsa sai mun ga aikin. To, ga aikin. Kamfanin HP ya ce baƙin katirij 123, ƙaramin, yana buga kimanin shafi 120. Kuɗin da zan sa a nan misali ne kawai, ku sa na kasuwarku. A ce an sayo shi naira 12,000. Kowane shafi ya ci naira 100 ke nan, ban da takarda. A ce kuma kwalbar tawada mai mililita 100 naira 3,000 ce. Tawadar da ke cikinta ta isa ɗuri fiye da sau 30, amma katirij ba zai kai haka ba, gama ba a yi kansa domin ya daɗe ba. Na ga wanda ya jure sau biyar, na ga wanda ya mutu a na biyu. In ya jure ɗuri 4, an buga shafi 600 da naira 15,000, watau naira 25 a shafi, ga sauran tawada a kwalba. In kuwa aka ƙone shi a ɗurin farko, an biya naira 125 a shafi. Riba tana nan, mai yawa ma, kuma in hannu ya kuskure asarar ba ta wuce katirij ɗaya ba.

Yanzu mu duba injin mai tanki, wanda a ke zuba masa tawada daga kwalba kai tsaye. Epson ta fara fitar da shi a Indunusiya a 2010, ƙasar da mutane suka daɗe suna jona wa injunansu tankuna na kansu don gudun tsadar katirij. Daga baya Canon da HP suka bi sahu. Kwalbar 103 mililita 65 ce, kamfanin kuma ya ce baƙar tana buga shafi 4,500. A ce naira 9,000 ce, shafi ya ci naira 2. A ce ta kasuwa naira 3,000 ce, shafi bai kai naira 1 ba. Abin da aka rage bai kai kuɗin farar takardar da aka buga a kai ba, ga shi an sa kan injin gaba ɗaya cikin hatsari. A nan ne maganar mutanenmu ta zauna daram, arha ba ta ado. Shawarata ita ce mai tanki ya sayi tawadar kamfani, mai katirij ya ɗura da hankali. Ƙungiyar da ke buga takardu da yawa kowane wata kuwa, ta fara tara kuɗin mai tanki, ko na inji mai garin tona, wanda rubutunsa ba ya narkewa a ruwa, ko da ya ke yana jan wuta da yawa, ƙaramar sola ba ta ɗaukarsa.

Ɗurin kansa

A yi ɗuri da zarar rubutu ya fara dishi-dishi, kada a jira ya ƙare ƙaf. Katirij da aka yar a aljihun tebur wata uku ya riga ya bushe, da wuya ya farfaɗo. A shimfiɗa tsohuwar jarida. A ɓare takardar da ke manne a saman katirij, za a ga rami. A ciki soso ne ke riƙe da tawada. A soka allura cikin soson a hankali, a tura tawada kaɗan kaɗan. Ƙaramin katirij mililita 2 zuwa 3 ya ishe shi. In tawada ta leƙo bakin rami, a tsaya, a zuƙe kaɗan a mayar. Wanda ya cika maƙil zai riƙa ɗiga cikin inji. Sai a mayar da takardar saman, amma kada a toshe ramin gam da salatif, gama sai iska ta shiga tawada ke sauka. A dangwala gindinsa a kan tsumma mai tsabta mai ɗan danshi har a ga layi baƙi ya fito sosai, a bar shi ya huta kamar minti 10, kana a sa shi.

Katirij mai launi ya fi wuya. Ɗakuna uku ne a ciki, na shuɗi da ja da rawaya, kuma jerinsu ba ɗaya ba ne a kowace lamba. Kada a yi tsammani. A zura tsinken sakace cikin kowane rami a ga launin da ya fito da shi. Kowane launi da sirinjinsa. Wanda ya zuba shuɗi a ɗakin rawaya zai yi ta buga ganye-ganye har katirij ɗin ya mutu. Sirinji kuma a sayi sabo, kada wani ya tsinto na asibiti ko na allurar dabbobi, a kuma ɓoye shi inda yara ba sa kaiwa.

Bayan ɗuri injin zai ci gaba da cewa tawada ta ƙare, domin ba auna ta ya ke yi ba, ƙirga ɗigon da ya fesa ya ke yi. A injunan Canon, in aka danne maɓallin tsayarwa kamar daƙiƙa 5 sai ya yarda ya ci gaba. Daga nan fa idon magatakarda ne ma'auni.

In kafofi sun toshe, a ɗora gindin katirij a kan tsumma da aka jiƙa da ruwa mai ɗumi, tataccen ruwa irin wanda a ke ƙara wa batirin mota. Ku kula a nan: masu cajin batir suna ajiye ruwa iri biyu, ɗaya tataccen ruwa ne kawai, ɗaya kuwa asid ne mai cin fata. A faɗa musu abin da za a yi da shi. Ruwan rijiya yana da gishiri da laka. Kananzir da fetur ba su da aiki a nan. Kada kuma ruwa ko yatsa ya taɓa ɗigo-ɗigon jan ƙarfe da ke bayan katirij.

Hunturu da ɗaukewar wuta

Sau da yawa a kan ɗora wa tawadar kasuwa laifin da ba nata ba. Iskar hunturu da ke fasa mana leɓe tana busar da tawada a bakin kafofi, ko ta wane kamfani ce. Ƙungiyoyinmu kuwa su kan yi bugu da yawa lokacin rabon taki da lokacin biyan bashi, sa'an nan injin ya kwanta watanni. A buga ko da shafi ɗaya ne mai dukan launuka kowane mako, a rufe injin da zane saboda ƙura. Abu na biyu, in aka kashe inji da maɓallinsa, ya kan mayar da kai gefe ya zaunar da shi a kan wani murfin roba da ke hana shi bushewa. In wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki, ko aka kashe janareta, ko aka fizge waya daga bango, kan ya kan tsaya a fili. Da wuta ta dawo a kunna shi, a kashe ta hanyar da ta dace. Wankin kai da injin ke yi da kansa yana shan tawada sosai, kada a yi shi fiye da sau biyu ko uku a jere.

Kamfani da kwastoma

Me ya sa katirij ke da tsada haka? Kamfanoni su kan sayar da ƙaramin inji da arha, su ci ribarsu a tawada. Domin su tsare wannan riba su kan manna wa katirij ɗan guntun lantarki da a ke kira cip, wanda injin ke karantawa ya gane ko nasu ne. A watan Satumba na 2016 injunan HP masu yawa a ƙasashe dabam dabam suka ƙi karɓar katirij na waɗansu masu yi, saboda wani umarni da kamfanin ya sa musu. Mutane suka yi ca, kamfanin ya ba da haƙuri. A 2020 hukumar kula da gasar ciniki ta Italiya ta ci shi tarar Yuro miliyan 10 don bai bayyana wa masu saye wannan takunkumi sosai ba. Irin wannan umarni ta intanet ya ke shigowa, saboda haka mai amfani da katirij na wani kamfani ya sa wanda ya iya ya kashe masa sabuntawa ta kai tsaye. Wanda ke ɗura wa katirij na asali ya fi samun sauƙi, tun da cip ɗin kamfani na nan a jikinsa.

Masu sayen inji na gwanjo su lura da wani abu. HP ta raba duniya shiyya shiyya. Inji iri ɗaya, na Amurka yana neman katirij mai lamba 63, na Turai 302, namu na Afirka 123. Siffarsu ɗaya, amma ba ya karɓar na wata shiyya. A buɗe murfi a karanta lambar kafin a tafi kasuwa.

Wani ma'aji, dattijo mai tsoron Allah, ya ja ni gefe ya tambaye ni ko ɗurin nan ba cutar kamfani ba ne. Na ji daɗin tambayar. Na ce masa, Baba, katirij ɗin da kuɗin ƙungiya aka saya, na ƙungiya ne, kamar yadda buhun taki in ya ƙare ka ke zuba masara a ciki. Ko a Amurka maganar ta kai Kotun Ƙoli a 2017, tsakanin kamfanin Lexmark da wani ƙaramin kamfani mai sake cika katirij na tona, kotu kuwa ta ce in kamfani ya sayar da kaya, ba zai bi su da ƙarar haƙƙin ƙirƙira ba. Abin da HP ta rubuta a takardar garantinta shi ne, ɗuri kaɗai ba ya soke garanti, amma in shi ya jawo lalacewa, kai za ka biya gyara. Wannan adalci ne. Cuta tana wani wuri dabam: mai kanti ya ɗura tsohon katirij ya sa a kwali ya sayar a kan sabo, ko ya cika tsohuwar kwalbar Epson da tawadar da ba a san asalinta ba. Tana kuma iya shigowa gidanmu, in magatakarda ya sayo ta kasuwa ya rubuta kuɗin ta kamfani a littafi. A sayi tawada wurin wanda a ke iya komawa gare shi, a duba hatimin bakin kwalba, a karɓi rasit a miƙa wa ma'aji.

Aikin da za a yi kafin taro mai zuwa

Magatakarda ya buga shafi ɗaya da tawadar da ƙungiya ke amfani da ita yanzu, mai sunaye da lambobi kamar na rasit, ya rubuta kwanan wata a bayansa da biro. Ya bar shi ya kwana, ya yaga shi uku. Kashi na fari a ajiye cikin littafi. Na biyu a manna a taga inda rana ke bugawa har mako biyu. Na uku a kawo shi taro, a ɗiga masa ruwa cokali ɗaya a gaban mambobi, a jira minti ɗaya, a shafa da yatsa. Sai a jera ukun a tebur kowa ya gani, har da waɗanda ba su iya karatu ba, gama su ne suka fi dogara ga takardar da aka ba su. In lambobi sun narke, ƙungiya ta yanke shawara a ranar: ko a nemo baƙar tawadar gari, ko kuwa kafin a samu, ma'aji ya riƙa rubuta adadin buhuna da kuɗi da biro a kan kowane rasit, da lamba da kuma kalmomi, ya sa hannu. Magatakarda ya zo da lambar injin da ta katirij a rubuce, zan duba su in na iso wurinku.